Rigar Nan Ba Ni Na Ƙirƙiro Ta Ba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da a cikin kar, motar safa, za ki buɗe ta, kin wuce garin Maine, ƙafafu sun fara kumbura. Allah ya tsare hanya, ya kau da mugun ji da mugun gani, ya sauke ku Yamai lafiya, daga can ya kai ki Abijan lafiya.

Na cusa ta cikin jakarki ne don na kasa faɗa miki da baki. Ni da ake tsoron bakina tun daga kasuwa har buro-buro, ofisoshin garin nan, kwana uku ina kallon ki kina ninke kaya, harshena ya ƙi motsi. To ga ta a rubuce.

Na karanta takardar da kamfanin nan ya aiko miki, wadda za ki sa wa hannu ranar da kika isa. Sau biyu na karanta, don faransancin lauyoyi ba a yi masa karatu ɗaya. A shafi na uku an ce rigar mai hannu ɗaya, wadda zanenta ya samo miki wannan gurbi, ke da mahaifiyarki kuka ƙirƙiro ta, kuma babu wani mai haƙƙi a kanta. Har suna so su sa mata sunana, su rataye ta a shagunansu na birane. Auta, kada ki sa hannu. Ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ke ba ki yi ƙarya ba, abin da na gaya miki kika rubuta. Ni na yi ƙaryar, kuma na san gyara ta na iya janyo su ce ki koma gida. Ki karanta har ƙarshe kafin ki tsine mini.

Kin san yadda muke aiki a nan. Matar kirki ba ta tsayawa tela ya zagaya ta da igiyar awo. Tsohuwar rigarta take aikowa, a shimfiɗa a kan yadi, a bi ta da alli, a yanka. Haka na tarar, haka na yi tun da na bar koyarwa na buɗe shago bayan rasuwar babanku. Har alfahari nake yi da shi. Nakan ce a ba ni rigar mace in gaya muku shekarunta da yawan haihuwarta.

Shekarar da aka hana hawa babur, lokacin kina makaranta a Damagaram, mutanen bakin kogin Komadugu suka kwararo gudun yaƙi suka zube a gefen kwalta, cikin bukkokin leda da kara. Wata ƙungiyar agaji ta raba wa matan yadi, ta zaɓi teloli kaɗan, ina ciki. Shugabar furojen, wato aikin agajin, ta ce za ta ba ni mota in je in auna su. Na ce mata ba a yi haka a ƙasarmu, kowace ta aiko da tsohuwar rigarta. Na faɗa da muryar malamar lakwal, makarantar boko, yadda baƙuwa ba za ta iya musu ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji, kuma ina ƙyamar wurin. Al'ada dai na ɓuya bayanta.

Riguna suka zo cikin buhu. Na riƙe su kwana uku, don ina da ɗinkin wasu matan ma'aikata a gabana. Sai daga baya na ji abin da ko yaron goye zai iya ganewa: matan nan da abin da ke jikinsu suka gudo. Rigar da aka kawo mini ita ce rigar. Kwana uku suna zaune cikin bukka, kowace ta ƙudundune da bargon agaji, cikin zafin nan namu, ba mai iya fita layin ruwa ko layin abinci. Ni kuwa ina shago ina mitar cewa kayan na wari.

Na karanta littattafai sun fi ƙarfin kanta biyu. Na karanta labarin yaƙe-yaƙen wasu ƙasashe na yi kuka a kan mutanen da ban taɓa gani ba. Amma lissafin riga ɗaya a cire riga ɗaya ya gagare ni.

Don haka abu na farko: a can za su ba ki tebur mai kyau da na'ura da jadawalin awo, wai ƙarami, matsakaici, babba. Shi ma buhun tsofaffin riguna ne, an dai wanke shi an goge. Duk ranar da kika ji bakinki na cewa "ba a yi haka a wurinmu", ki tsaya ki tambayi kanki ko al'ada kike karewa ko ƙiwuyarki.

A cikin buhun akwai wata riga ta atamfa mai tsada, ɗinkin zamani, matsattsiya, da zif a baya. Rigar macen da ta ci kuɗin tattasai ce, ana gani an sani. Hannunta na dama ya yage daga kafaɗa, ya yi tauri da wani baƙin tabo. Na ɗaga ta da yatsa biyu na ce a jiƙa ta kafin in taɓa. Na ce tsatsa ce, ko manja. Ni da na haifi biyar, na san kalar jini in ya bushe. Ban so in sani ba ne. Na kwaikwayi rigar tsaf, hannu biyu matsattsu, zif har ƙugu, na haɗa da zani. Na ji daɗin aikina.

Bayan mako guda wata mata ta shigo shago, doguwa, ta rame, ta lulluɓe da lafaya. Sunanta Fanna, daga Baruwa, ta girme ni da 'yan shekaru. Mijinta masunci ne kuma manomin tattasai, a ranar gudu aka kashe shi. Ta ajiye ƙunshi a kan tebur, ina kan keke ban ko ɗaga kai ba.

Ta ce, da Hausarta ta Barebari, "Madam, rigar ta yi kyau. Mai ita ce ba ta nan."

Na ce, "Abin da aka aiko shi na bi. Ba na gyara kyauta."

Ta ce, "Ai ba gyara na zo ba. Na zo in ga mai hannun da ke kaiwa tsakiyar baya, ko za ta ara mini shi da safe."

Matan da ke jiran ɗinki suka yi dariya. Na ɗago a fusace zan wanke ta, sai ta zame lafayar daga kafaɗa. Hannun dama babu, daga ɗan ƙasa da kafaɗa. Harsashi ne, ta kwana biyu a daji da shi, da aka kawo ta likita sai yankewa.

Kin san abin da uwarki ta ce? Ba sannu ba. Ba Allah ya ƙara sauƙi ba. Cewa na yi, "To da kin faɗa."

Ta ce, "Da kin tambaya." Ta ɗauki ƙunshinta ta fita.

Wannan "da kin faɗa" ita ce kalmar masu shago da masu buro duk duniya, kuma za ki ji ta a kamfaninku da faransanci mai daɗi. Ma'anarta laifin na wanda aka manta da shi ne, don bai yi ihu ba. Kada ta fito daga bakinki. In kin ɓata wa mutum kaya, ki ce na ɓata, ki yi shiru, kada ki ƙara komai a bayanta. Ni ina da ciwon ƙarin bayani, kuma na ga kin gaje shi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce jahilci ne. Abin da ya biyo baya da idona biyu na yi shi.

Bayan damina Fanna ta fara tallar dakakken tattasai a bakin kasuwa. Wata rana na je saye, na ga rigata a jikinta, amma ba rigata ba. Ta farke zif ɗin ta ɗinke bayan, ta faɗaɗa wuya yadda kai zai shige da ja ɗaya. Hannun dama ba ta yanke shi ba. Ta juya shi ciki, ta ɗinke bakinsa, ya zama aljihu a ɓoye, nan take ajiye katin rabon abinci da canji. Zanin kuwa ta sa wa gefen ciki zariya, gefen waje ta ɗinka masa igiyar koma, ragar kamun kifi, tana ɗaure shi da ƙullin da masunta ke yi wa kwale-kwale da hannu ɗaya, don ɗayan na riƙe da gora. Ja ɗaya ya ɗauru, ja ɗaya ya kwance. Da hagu ta ɗinka duk wannan, ta danne yadi da yatsun ƙafa, ta ja zare da haƙori. Ɗinkin ya karkace kamar sawun kaza.

Na tsaya ina kallo. Shekara nawa ina yanka yadi, ban taɓa tunanin abu ko rabin wannan ba. Na ce, "Ya Fanna, wannan ɗinki ai ba zai kai ki Salla ba. Kawo in bi miki shi da keke."

Ta dube ni ta ce, "Kwana nawa wannan karon, Madam? In san bargon da zan ara."

Na ce yini ɗaya. Ta aiko, na shimfiɗa ta a kan takardar siminti, na bi ta da alli kaf, sannan na bi mata ɗinkin na mayar. Har godiya ta yi mini.

Na ɗinka guda uku da yadi mai kyau, na kai wa shugabar furojen. Matar ta kusa kuka. Ta ce ta yi aiki a ƙasashe da dama ba ta taɓa ganin tela mai zuciya irin tawa ba. Ta tambaye ni yadda tunanin ya zo mini. A nan ne ƙofa take buɗe, kalma biyu kawai ake buƙata: Fanna ce. Na ce, "Na daɗe ina tunanin matan nan." Aka ba ni aikin ɗinka wa masu rauni na sansanonin 'yan gudun hijira na Sayam da Yebi. Aka ɗauke ni hoto. Aka kira ni taro na yi jawabi a kan mutuncin naƙasassu, na kawo misalai daga littattafai, aka tafa.

Da kika dawo hutu kika ga rigar, kika rungume ni kika ce, "Inna, ashe haka kike." Tun kina ƙarama ban taɓa ganin kin dube ni da irin wannan ido ba. Ni ce fa na yaga miki littafin zane kina aji biyar, na ce ba zan haifi 'ya ta ƙare a tela kamar ni ba. Kin daɗe ba ki yafe mini ba, ko da ba ki faɗa. Rigar nan ita ta dawo mini da ke. Don haka na yi shiru, kuma kowace shekara shirun na ƙara nauyi. Kika koyi yanka a hannuna, kika zana rigar da kyau, kika aika wa gasar kamfanin, kika rubuta a ƙasa cewa mahaifiyarki ce ta ƙirƙiro.

Yanzu bari in yi maganar kamfanin naku, don kada ki ɗauka kunya ta kashe mini baki. Na karanta ƙasidarsu. Sun ce suna son kaya na kowa da kowa, mai keken guragu da makaho da mai ƙiba da tsohuwa, kuma suna son masu zane daga wuraren da ba a saba ɗauka ba. Magana ce mai kyau, kuma gara a makara da a ƙi. Amma ni 'yar kasuwa ce, na san sun ƙirga mutanen da ba sa shiga shagunansu sun ga kuɗi ne ke wucewa ta ƙofa. Wannan bai dame ni ba, wanda ya sayar maka da abin da ya dace da jikinka ya fi wanda ya ba ka sadakar abin da ba ya shigar ka. Abin da ke tafasa mini jini shi ne hoton da suka sa a bangon ƙasidar, da kalmar "yankin rikici" da suka maƙala a gefen sunanki, kamar ita ce takardar shaidarki. Shekara da shekaru muna noma tattasan da ake ci har Legas, ba wanda ya san Diffa sai da aka fara kashe mu.

Za ki zama ke kaɗai ce daga nan a ɗakin zanen. Za su juyo su tambaye ki me matan Sahel ke so, me 'yan gudun hijira ke so, me masu hannu ɗaya ke so. Za ki ji daɗin tambayar, na san daɗinta, na sha. Ke 'yar ma'aikaci ce, a gidan siminti kika tashi, hannunki biyu, ba ki taɓa kwana a bukkar leda ba. Ki ce ban sani ba, sai na tambayo. In sun ce ba lokaci, ki ce to a jira. In kuma sun ɗauke ki ne don su huta da tambayar mutanen da kansu, to sun mai da ke ni, kuma kin ga inda ni na ƙare.

Ki lura da inda za su rataye kayan. Ni a bayan labule nake ajiye nawa, in mace ta zo sai in rage murya in ce "ga na irinku". Wata daga Yebi ta taɓa ce mini, "Madam, hannu na rasa, ba sata na yi ba." A rataye su cikin sauran riguna, da launi mai kyau, kan kuɗin da mutum zai iya. Kada ki yarda a ba su ruwan toka don wai ba sa son a kalle su. Wa ya ce?

Shekaranjiya na je wurin Fanna. Ba ta koma Baruwa ba da aka mai da mutane, ta ce ba ta da wanda za ta koma wa. Tana nan bayan kasuwa, ta yi ɗaki ɗaya na laka. Na same ta tana tankaɗe tattasai, ta riƙe rariya da hagu ta tokare da gwiwa. Na gaishe ta, na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai, tun daga takardar siminti har takardar Abijan. Ina magana ina atishawa, hawaye na zuba, ban san na tattasai ne ko nawa ba.

Ta bari na gama. Ta ce, "Madam, kin zo ki gaya mini abin da na sani? Na ga rigata a jikin wata a layin likita tun tuni. Na ce mata wa ya yi, ta ce Madam Rakiya, mai tausayin nan."

Na ce, "Me ya hana ki zo ki tona ni?"

Ta ce, "In gaya wa wa? Da wane faransanci?" Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Kuma ko satar ba ki iya ba. Kin cire ƙullin kin sa maɓalli."

Gaskiya ne. Na ga igiyar koma ba ta yi kyau a ido ba, na sa babban maɓalli da madauki. Na ce ai ya fi tsabta.

Ta ce, "Ɗaura hannunki a baya ki ɓalla shi in gani. Matan da kika ɗinka wa duk sun tsinke shi, sun zo na koya musu ƙullin. A bukkata ake ƙarasa ɗinkinki, shekara nawa."

Auta, maɓallin nan yana cikin zanenki. Shi suka yaba, shi za su buga dubu-dubu. Ko babu maganar gaskiya da ƙarya, rigar da ke hannunsu ba ta aiki, kuma mutum ɗaya ce ta san gyaranta.

Na tambaye ta abin da take so. Ta ce hoto dai ba za a ɗauke ta ba, ta gaji da masu ɗaukar dungunta. Suna kuwa a sa, Fanna ta Baruwa, da garin, don a san akwai shi. Haƙƙinta a rubuta a takarda, a kawo wanda ba ni ba ya karanta mata da Barbarci. Ƙullin kuma ba za ta koya wa kowa ta waya ba, wanda ke so ya zo Diffa ya zauna a tabarmar nan. Na ce to ta yafe mini. Ta ce, "Tukuna. Bari takardar ta zo." Sannan ta auna mini tattasai ta ce in biya kamar kowa, kuma na biya.

Ga abin da nake roƙon ki. Ranar da kika isa, kafin a nuna miki ɗakin kwana, ki nemi wanda ke da alhakin takardar nan ki gaya masa shafi na uku ba daidai ba ne. Ki faɗi yadda abin yake, kada ki rufa mini asiri ko kaɗan, ki nuna musu wannan wasiƙa in suna son shaida. Mai yiwuwa su ji daɗi, don labari ne da zai sayar musu da kaya, to ki tsaya a kan sharuɗɗan Fanna, kada ki bari su shafe su da murmushi. Mai yiwuwa kuma su ce gasar ta lalace, su ba wata gurbin. Ban san wanne za su yi ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa gaskiya kullum tana biya ba. Na ga inda ba ta biya ba. A nan ne dai za ki gane ko abin da suka rubuta a ƙasidarsu da gaske suke.

In sun sallame ki, ki dawo gida kanki a sama. Hannunki ya fi nawa, idonki ya fi nawa, sauran zanen da ke jakarki duk naki ne, ba wanda ya taya ki. Masu tambaya a unguwa ni zan amsa musu, don ba zan bar ki ki ɗauki wannan ke kaɗai ba. Ranar Juma'a matan ƙungiyar teloli za su taru a shagona, zan tashi in faɗa musu da bakina, in sauke hoton taron nan daga bango. Akwai waɗanda suka daɗe suna jiran ranar da za su ga Rakiya ta sunkuyar da kai. Su zo da wuri su sami wurin zama.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. In kin ga ba za ki iya kira na ba na ɗan lokaci, ki kira yayarki ta gaya mini kin sauka lafiya, wannan kaɗai ya ishe ni. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci ko ba ki jin daɗinsa, kada ki ba kowa fasfonki ya ajiye miki.

Allah ya tsare ki a mota da jirgi, ya tsare ki daga sharrin mutane da sharrin yabo. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda suka rage a hanya. Allah ya sa albarka a hannunki.

In sun tambaye ki wa ya koya miki ɗinki, ki ce ni. In sun tambaye ki wa ya yi rigar, ki ce Fanna ta Baruwa.

Mahaifiyarki,
Rakiya
Diffa